Rigar Sanyi a Garin Zafi

A Nsanje duk wanda ya taɓa sayen bokiti ko kurfoti ya san Zuze Alufandika. Rumfarsa na bakin hanyar kasuwa, ƙarƙashin wani mangwaro, inda yake yanka fallen kwano ya lanƙwasa ya buga tun kafin rana ta ɗaga. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga tumbi da ya zo masa a hankali tare da shekaru. Bai taɓa riƙe abin awo ba. Ido da taƙin hannu su ne ma'auninsa: ya kalli tukunyarki sau ɗaya ya ƙera mata murfi, ki je gida ki ɗora, ya zauna daram.

Matarsa Feliya ungozoma ce a ƙaramin asibitin unguwa. Rabin yaran da ke tsere a layinmu a hannunta suka faɗo duniya. 'Ya'yansu huɗu, duk sun tashi sun kama gabansu. Da safe ta dama masa kunun masara, ya tafi rumfa. Da yamma ya biyo ta bakin kogin Shire ya sayo tarwaɗa, ta tuƙa nsima, tuwonmu na masara, su ci a tsakar gida suna korar sauro. Ba mai jin kansu duk shekara, sai rana ɗaya.

A watan Yuni, idan zafi ya ɗan sassauta, Feliya kan jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado. Ta ciro wata suwaita koriya ta maza, a ninke, ta ɗora a tabarma bayan ɗaki ta sha iska, da la'asar ta mayar ta zuba sabon kafur. Ran nan Zuze ba ya bi ta bayan ɗaki, kuma ƙarar gudumarsa har tasha ake jin ta. Masu keken haya da ke fakewa a inuwarsa sun gane.

"Yau an shanya, ke nan, Baba Zuze?"

"Uwarka aka shanya. Ɗauke min kekenka daga nan."

Asalin abin ya girmi auren. Feliya 'yar Nsanje ce, amma a Arewacin ƙasarmu ta koyi ungozomanci, shekara uku a wani asibitin mishan da ke kan tudu. 'Yan matan makarantar suna da al'adarsu: a shekarar ƙarshe kowace takan saƙa wa wanda za ta aura suwaita. In aure ya tabbata, ango ya sa ta ranar biki. In magana ta lalace, yarinya ta warware ulun ta saƙa hulunan jarirai, a wuce wurin. Zuze ya ji wannan ne ranar bikinsa, daga bakin NyaGondwe, ƙawar Feliya da ta zo daga Arewa, mace mai baki kamar an kunna rediyo. Tana ba matan biki labari, ba ta san ango na bayan shinge ba. Har suna ta kama: Yotamu Chirambo, wani malamin makaranta, wanda iyayensa suka ce ba su son 'yar kudu.

Sati guda bayan haka Zuze ya buɗe akwatin yana neman almakashi, ya ga suwaitar lafiya lau, ko zare ɗaya ba a zare ba. Ya shimfiɗa ta a gado ya auna. Hannunta taƙi uku da rabi, ƙirjinta taƙi biyu da ƙyar. Dogon mutum, siriri. Ya ninke ya mayar, daga ranar bai ƙara yarda ya kalle ta da kyau ba, bai kuma tambaya ba. Tambayar dai na nan a ƙirjinsa kamar ƙayar kifi: me ya hana ta warwarewa?

Shekara talatin ke nan. Ban san wani a garinmu da ya riƙe abu ɗaya a ciki tsawon haka yana kuma cin tuwonsa lafiya ba.

Babbar 'yarsu Ndaona, wadda ke aiki a Blantyre, ita ta zo da maganar tafiya. Ta ce ita da ƙannenta sun haɗa kai, iyayensu za su je hutun cikar aurensu shekara talatin, su zaɓi inda suke so.

"Bakin tafki," in ji Zuze. "A ci kifi a dawo."

"Arewa," in ji Feliya, ko ɗago kai ba ta yi daga tsince wake ba. "NyaGondwe ta gaji da gayyata."

"A Yuli? Mama, sanyin can fa ba wasa ba ne. Baba, sai na sayo maka kwat."

"Sanyi zaki ne da zai cinye ni? Mutumin da ya yi shekara arba'in a gaban wuta, ko ƙanƙara aka sa shi sai ta narke."

Ya ɗauki rigunansa uku masu gajeren hannu, waɗanda yake zuwa coci da su, ya ƙera sabon kurfoti na tsaraba. Ana gobe tafiya ya shiga ɗaki ya tarar da jakar Feliya a buɗe. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ya hango kore. Ƙamshin kafur ya bugi hancinsa. Ya zauna a bakin gado. To, ashe haka ne. Za a kai wa mai kaya kayansa, shi kuma an ɗauke shi ɗan rakiya.

Kwana biyu suka yi a hanya. Har Lilongwe Feliya matarsa ce da ya sani, tana gyangyaɗi tana ɓare masa gyaɗa. Suna wuce Jenda sai ta canza. Wata mai tallar dankali ta leƙo taga, Feliya ta yi mata magana da Tumbukanci, suka kwashe da dariya. Zuze bai san harshen ba, bai ma san har yanzu yana bakinta haka ba. Ta yi hira da kwandasta, ta yi da tsohuwar da ke gefensu, muryarta ta koma ta yarinya. Bishiyoyi dogaye suka tsaya a jere, gajimare ya sauko yana shafar kansu, iska ta shigo ta ƙasan ƙofa ta kama masa idon sawu.

"Me kuke cewa?"

"Cewa take mijina kyakkyawa ne, amma a rufa masa asiri da bargo."

"Ki ce mata na gode, ni zufa nake yi."

Gidan NyaGondwe na wani ƙauye bayan Rumphi, a gindin tudun Nyika. Ta tarye su da guɗa, ta rungume Feliya, sannan ta ja da baya ta ƙare wa Zuze kallo.

"Mijinmu! Haka ka zo mana tsirara? Ko kuɗin yadin ne ya ƙare kafin a kai hannu?"

"Mu a kudu ba mu da abin ɓoyewa, shi ya sa."

"Za ka ɓoye shi gobe da safe, har mu neme shi mu rasa."

Ta karɓi kurfotin ta yaba, ta zuba gawayi ta hura. Zuze na jira ya ga an ɗora tukunya, sai ya ga an ajiye shi tsakiyar ɗaki, mutane sun kewaye shi sun miƙa tafin hannu. Shekara arba'in yana ƙera abin nan, bai taɓa sanin ana jin ɗuminsa don daɗi ba. Ya ja kujerarsa can nesa don kada a ce.

Washegari da ya farka, ya tarar da suwaitar a ninke a kan kujera kusa da takalmansa. Feliya ce ta ajiye ta. Ya tsallake ta kamar maciji. Ruwan wanke fuska ya yanke shi kamar reza, ciyawar waje ta yi fari, yatsunsa suka ƙi rufe maɓalli. Rana ta biyu ma haka, suwaita a kujera, shi a gajeren hannu. Ya ce a ransa, aro za a ba shi ya ɗana kafin mai ita ya zo. Gara ya daskare. Zuwa rana ta uku hancinsa na zuba, muryarsa ta dushe, haƙoransa na kaɗawa in ya buɗe baki.

Ranar ce ta cikar auren. NyaGondwe ta yanka kaji biyu, aka shirya hawa tudu bayan karin kumallo, a ga namun daji a ɗauki hoton da Ndaona ta ce lallai a turo mata. Suna shan shayi a ƙofar gida sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya.

"Ga mai kai ku nan," in ji NyaGondwe, idonta na kan Zuze. "A ƙauyen nan shi kaɗai ke da motar da ke iya tudun. Malam Chirambo, ƙaraso!"

Shekara talatin Zuze na ƙera mutumin nan a zuciyarsa. Ya ba shi sanƙo, ya zubar masa da haƙora, wani lokaci ma ya kashe shi. Wanda ya fito daga motar dogo ne, siriri, furfura tas a kansa kamar auduga, da kwat mai kyau da ɗankwalin wuya, haƙoransa cif. Ya gaida Feliya da hannu biyu, ta ɗan rusuna yadda matan can suke yi, suka yi 'yar magana da harshensu, ta yi dariya ta rufe baki. Sannan ya juyo ga Zuze ya koma Chichewa don ya ji.

"Babban baƙo, sannu da hanya. Na ga kurfotinka jiya a wurin NyaGondwe. Aiki ne na mai hannu, ba irin na kasuwarmu ba."

Abin da ya fi ƙona Zuze shi ne da gaske mutumin yake. Ya buɗe baki zai amsa, atishawa ta riga shi.

"Ash! Ɗan'uwa, a haka ba za ka kai sama ba. Can iska har ƙashi take shiga." Yotamu ya fara cire kwat ɗinsa. "Karɓi wannan, ni na saba."

Kwat na rataye a hannun mutumin, NyaGondwe ta cije leɓe. Zuze ya kalli kwat, ya kalli matarsa. Ya sa rigar Yotamu a gaban Feliya, ya hau motar Yotamu, a ɗauke shi hoto a kai wa 'ya'yansa? In dai dole ne ya shiga rigar mutumin nan, gara wadda ta yi shekara talatin tana kwana a ƙarƙashin gadonsa. Ko ba komai yana bin ta kuɗin haya.

"Bar shi, Malam. Ina da tawa."

Ya shiga ɗaki ya fizgo suwaitar ya zura kai, yana shirin naɗe hannun da zai zarce masa. Hannun ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Ƙirjin ya zauna, tumbin ya shige ba matsi. Ya tsaya cik. Ya cire ta ya shimfiɗa a gado ya auna: hannu taƙi biyu da rabi, ƙirji uku har da 'yan yatsu. Ya kai ta bakin taga. Zaren ya yi lanƙwasa-lanƙwasa irin na ulun da aka warware aka sake saƙawa. A gefe da gefe an ƙara tsiri, koren bai zo ɗaya da na ainihi ba, kuma ƙarin ba ɗaya ba ne, uku ne, kowanne da kalarsa.

Feliya na tsaye a bakin ƙofa.

"Maman Ndaona, yaushe?"

"Ina da cikin Ndaona na warware ta. Jiran naƙuda dogon zama ne, a asibiti na saƙa. Sauran kuwa tumbinka za ka tambaya. Duk ya ƙaru sai na nemo zare."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In ba ka suwaita a Nsanje, ka yi me da ita, ka gasa kanka? Jira nake ranar da za mu zo inda za ta yi amfani. Kai kuma ka tambaya ne? Mai auna tukunyar mutane da ido, ya kasa kallon abin da ke bayan ɗakinsa."

"Kin san dai abin da nake ciki."

"Har 'yan keke sun sani." Ta gyara masa wuyan rigar. "Kuma duk ranar da na shanya ta, da wuri kake dawowa, da tarwaɗa mafi girma a kogi. Wace mace ce za ta kashe wannan kasuwa?"

Ya fito yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. NyaGondwe ta rangaɗa guɗa ta ce ango ya sa rigarsa, ko da yake ya makara da shekara talatin. Yotamu ya mayar da kwat ɗinsa, ya kalli koren na ɗan lokaci, ya ce ta yi masa kyau. Zuze ya lura da tsawon kallon. Da za a shiga mota, ya riga kowa ya zauna a tsakiya, tsakanin direba da matarsa, duk da sandar giya na bugun gwiwarsa.

A saman tudun iska na kaɗa ciyawa har iyakar gani, jakunan dawa na kiwo can nesa. Yotamu ne ya ɗauke su hoton da ke nan yanzu a rumfar Zuze, manne a jikin mangwaro. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ɗumi ya fara ratsa shi, sai ya shafa ƙirjin rigar, ya murza zaren tsakanin yatsu. Ulu ne mai kyau, ba irin wanda 'yar makaranta za ta iya saya ba.

"Maman Ndaona," ya ce ƙasa-ƙasa, "shi ulun na farko, wa ya sayo?"

"Kalli gaba, ana ɗaukar mu."

"Tambaya na yi."

"Ta farko shekara talatin ka yi kafin ka yi ta. Wannan ma ka ɗan riƙe."

Shi ya sa a hoton Feliya ke dariya har da hawaye, Zuze kuwa, cikin suwaitarsa da ta zauna masa daram, ba kyamarar yake kallo ba. Mai riƙe da ita yake harara.