Nassirou da Tarihin Rijiyar Layinsu

Nassirou mutumin Tasawa ne, a Nijar. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya kusa zama malami, sai mahaifinsa ya rasu, karatun ya tsaya. Yana da shekara ashirin da huɗu ya sauka a Agege, ya samu aikin gadi a gidan wani farfesan tarihi da ya yi ritaya.

Da tsohon ya gane mai gadinsa yana jin Faransanci, sai ya ba shi wani littafi da bangonsa ya yage. Wani masani ne ya rubuta shi tun da daɗewa, yana tambayar mene ne ma tarihi, kuma wa ke zaɓar abin da za a tuna. Nassirou ya karanta shi sau uku, a bakin ƙofa da cikin motar haya ta danfo. Abin ya tsaya masa a rai, domin a da ya ɗauka tarihi na sarakuna ne kawai.

A bayan masallacin layinsu akwai wata tsohuwar rijiya da aka rufe da siminti. Ran hutunsa ya sayi littafin rubutu, ya fara tambayar wanda ya haƙa ta. Alhaji Abdulwahid mai goro ya ce kakansa ne, ya rantse. Sarkin fawan layin ya ce mahauta ne, shi ma ya rantse. Nassirou ya rubuta duka biyun, ya rasa wanda zai gaskata.

Wata safiya yana sayen waina, sai mai wainar, Inna Mariamu, tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, ta ce, "Ɗan nan, me kake ta bin mutane kana rubutawa?"

Ya gaya mata. Ta yi dariya.

"Maza ne suka haƙa, ban musa ba. Amma uwata ce da wasu mata huɗu suka gaji da ɗebo ruwa daga bayan layin dogo, suka ƙi ɗora tukunya kwana uku. A rana ta huɗu aka fito da diga. Filin ma wata Bayarbiya ce ta bayar, ƙawar uwata."

"Inna, me ya sa ban taɓa jin wannan ba?"

"Wa ya taɓa tambayarmu?"

Kunya ta kama shi. Wata biyu yana yawo, bai zauna da mace ko ɗaya ba. Da ya kai wa Alhaji Abdulwahid labarin, Alhajin ya ce lallai ya tuna kakansa yana ba da labarin wasu kwanaki da suka sha gari da ruwa, amma bai taɓa faɗin dalili ba.

Yanzu Nassirou ya haura hamsin, yana sayar da shayi a Obalende, littattafan rubutunsa sun kai goma sha huɗu. Bai buga ko ɗaya ba. Bara da Inna Mariamu ta rasu, 'ya'yanta suka roƙe shi ya karanta musu abin da ta faɗa. Ya zauna a tsakar gida ya karanta. Da ya gama, wata jikarta mai suna Kausar ta ce akwai kuskure, matan shida ne, ba biyar ba. Ya zaro biro, ya tambaye ta sunan ta shidan.