Inna Hajaratu da Ƙanzon Tukunya

Inna Hajaratu 'yar Garo ce. Ta fara aiki a kicin ɗin wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke tsakanin Kabo da Gwarzo a shekarun tsuke bakin aljihu, bayan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ɗan kwangilar abinci ne ya ɗauke ta, ba gwamnati ba. 'Yan kwangilar suka yi ta canzawa, ita tana nan da muciyarta. Ni ke kai musu itace a lokacin, shi ya sa na san ta.

Albashin dai ba a magana. Abin da ya riƙe masu girkin shi ne ƙanzo. Tuwon mutum ɗari huɗu a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a kan wutar itace, dole ya kama ƙasa. In an kwashe sai su kankare, su shanya, su raba a tsakaninsu, kuma ba ɗan kwangilar da ya taɓa ɗaga ido ya kalla. Da kwaɗon ƙanzon nan da ƙuliƙuli Hajaratu ta raini 'ya'yanta.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, sabon ɗan kwangila ya turo manaja, Muhammad Nur. Ba mugu ba ne, shi ma a matse yake: masara ta yi tsada, shugabar makaranta kullum ƙorafi take abinci ba ya isar ɗalibai, maigidansa kuma ba ya son jin uzuri. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa tuƙa tuwo ba. Da ya ga ana fita da kwanonin ƙanzo sai ya tara masu girki, ya ce da gangan suke ƙona tuwon don rabonsu ya yi kauri, kuma duk abin da ya fita ƙofar makaranta ba da izini ba sata ce.

A shekarar nan kalmar sata tana da nauyi a kunnen kowa. Jumai, abokiyar aikin Hajaratu 'yar kudancin Kaduna, ta ce mata ta yi shiru, manajoji nawa suka zo suka tafi. Hajaratu ta kasa. Shekara goma sha biyar ko ƙwayar gishiri ba ta taɓa ɗauka ba, yau sa'an ɗanta ya kira ta ɓarauniya a gaban mutane.

"Ɗana," ta ce masa, "gobe ka zo ka tsaya a kaina."

Washegari ina wurin. Ta zare itacen ta bar wuta kaɗan, ta kama muciya tun hantsi, ba ta saki ba har aka kira sallar azahar. Zufa ta jiƙa mata zane, tafin hannunta ya yi bororo, ɗalibai na can da kwanoni sun fi awa suna jira. Da aka kwashe tuwon ta karkato masa tukunyar. Fes, ko alamar ƙanzo babu. So take ya gane cewa ba ta san ha'inci ba, ya kuma ga irin wahalar da ake sha kafin a samu haka.

Ya leƙa, ya gyaɗa kai. "Ashe ana iyawa, Inna. To daga yau haka za a riƙa yi."

Wallahi ran nan na ji haushi har wuya. Da hannunta ta rufe wa kicin ɗin ƙofar ƙanzo, ta kuma ninka wa kowa aiki. Jumai ta yi sati ba ta gaishe ta ba. Kafin zangon karatun ya ƙare kafaɗar Hajaratu ta riƙe, ta ajiye muciya ta koma Garo.

Bara na je gaishe ta. Har yau hannunta na dama ba ya ɗaguwa sama, jikarta ce ke ɗaura mata kallabi. Bayan mun gama gaisuwa na tsokane ta, na ce da ta bi shawarar Jumai da ta ci ƙanzonta lafiya har tsufa.

"Ai ka tsaya har ƙarshe ran nan," ta ce. "Bayan na karkato tukunyar, ka ji ya sake cewa sata?"