Wutar Iya Mora da ƙyallen da ban ɗaura ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Iya Mora, kuma gara in tona asirin kaina kafin wani ya riga ni: shekara guda cur na yi ina ɗaukar matar nan mayya. Ni Garba, da na gudu daga firamare a aji uku don malamin lissafi ya fi ni taurin kai, ni na zauna na yanke wa tsohuwar mutane hukunci, ba shaida ba alƙali.

A farkon shekarun tamanin kansil, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu flat a unguwar Abbey Wood, ni da matata Asabe. Lokacin na bar tuƙa Alhajin da ya kawo ni Landan, na koma turin marasa lafiya a keke a wani asibiti. Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa 'yar ƙasar Ayalan, mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika a kusa. Mora ne sunanta. Iya ɗin ni na ƙara mata, ita kuma ta rama, ta mai da ni "Gaba".

Ran ɗaya ga watan Mayu na farko da muka yi a gidan, na buɗe ƙofa zan tafi aiki, sai ga furanni rawaya an jera a bakin ƙofarmu, layi guda kamar an auna. Asabe na da ciki, bayan ɓari biyu. Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da zuciya za ta raya masa. Na tsallake da ƙafar dama ina karanta duk abin da na haddace, wanda bai taka kara ya karya ba, na share su, na watsa ruwan gishiri. Da la'asar ashanarmu ta ƙare, na ƙwanƙwasa wa tsohuwar. Ta leƙo ta ce, "Ba yau ba, Gaba. Gobe ka zo in ba ka kwali guda." Ta rufe ƙofa. A garinmu ko maƙiyinka ne ya zo ɗiban wuta ba ka hana shi. Na koma na ce wa Asabe na gano mai furannin, kada ta ƙara karɓar ko biskit daga hannunta.

Allah ya sauki Asabe lafiya, muka sami Hadiza. Da shekara ta zagayo, ran ɗaya ga Mayu kuma, yarinyar ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba, ciwon ƙirji. Masu gyaran bututu suka yanke gas ɗin benen gaba ɗaya, ga ruwan sama, ga sanyin da ke shiga ƙashi. Mun naɗe ta da duk bargon gidan, numfashinta na fita da ƙara. Sai aka buga ƙofa. Iya Mora ce, tana nishi, ta rungumo hitarta mai kananzir, a kunne.

A ranar Asabe ta gaya mini abin da ta daɗe da sani, don ashe duk dokar da na kafa, ina fita suke shan shayi tare. Ranar tana da suna a wurin su Iya, Biyaltina, bikin shigowar ɗumi, kuma ya girmi zuwan coci ƙasarsu. A ƙauyensu akan hura wuta biyu a kan tudu, a koro shanu su bi ta tsakani kafin a kai su makiyaya. Furanni a bakin ƙofa don kada sharri ya shiga gida ne, kuma ta sa mana ne don ta ji labarin ɓarin Asabe. Wuta kuwa ba ta fita daga gida a ranar. Wanda ya bayar, ya ba da arzikinsa na shekarar. Ni da na tashi ina ganin laya a wuyan saniya, ina na ga bakin dariya?

Na ce, "To Iya, arzikinki na bana fa?"

Ta ce, "Me tsohuwa za ta yi da shi? Rufe ƙofa, ɗumi na fita."

Daga nan kowace shekara furanni sai sun zo. Na daina sharewa, amma ban daina tsallakewa ba. Na taɓa ce mata wannan ba addinina ba ne, ta ce ita ba ta tuna ta tambaye ni ba. Da azumi kuma, da yake tagarta ce ke kallon yamma, ita ke buga mana ƙofa idan rana ta faɗi.

Yanzu Hadiza ma'aikaciyar jinya ce, ita ke buga mini wannan rubutu tana gyara mini baki. Kwanaki ta nuna mini a waya yadda ake bikin a yau: samari da 'yan mata sun shafa jan fenti, ana kiɗa, ana juya wuta a sanda, har sai ka yi booking kafin ka shiga kallo. Na san abin da Iya za ta fara cewa: ina shanun? Amma ban ce za ta tsine musu ba. Takan yi ƙorafi cewa mutanen garin nan ba su san lokacin da shekara ke juyawa ba sai an canza musu agogo, a ƙara awa ɗaya ko a rage. Abin da zai fi ba ta mamaki, ina jin, shi ne ni. Shekara shida ke nan da wani ya tare a flat ɗinta, ban san sunansa ba.

Mayunta na ƙarshe, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta roƙe ni in tura ta dajin da ke bayan unguwa, wurin wata bishiyar ƙaya mai fararen furanni, inda takan ɗaura ƙyalle kowace shekara ta yi roƙonta. Turi sana'ata ce, na aro keke a asibiti, na kai ta har gindin bishiyar. Ta miƙa hannun hagu, reshen ya fi ƙarfinta. Sai ta miƙo mini ƙyallen, ɗan shuɗi, yagen tsohuwar rigarta.

Na zuba hannuwa a aljihu. Na tuna shirka. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na tuna har da mutanen da muke Juma'a tare a masallacin Regent's Park, kada wani ya ji an ce an ga Garba yana ɗaura tsumma a bishiya. Na ce, "Iya, wannan kam ba zan iya ba." Ba ta yi musu ba. Ta ajiye ƙyallen a cinya ta ce mu koma. Ba ta ga wani Mayun ba.

Na tambayi malami daga baya, ya ce na yi daidai, kuma ban ƙaryata shi ba. Sai bayan wajen shekara goma, ina tsaye ina jiran bas, ya faɗo mini cewa reshen nan siriri ne, da na janyo mata shi ƙasa da ta ɗaura abinta da hannunta da haƙoranta. Ko wannan ma ya halatta, ban sani ba, ban kuma koma na tambaya ba. Kun ga irin kan da ya gudu a aji uku.

Hitar ta lalace tuntuni. Ƙyallen na same shi a aljihun keken ran da zan mayar da shi asibiti, yana nan cikin akwatina tare da fasfo. Abin da ya rage nata a duniya, in ban da shi, sai Hadiza da ƙirjinta lafiyayye, wanda take ɗaga mini murya da shi idan na ƙi shan magani. Sai kuma wata magana da ta yi muna gangarowa daga dajin, ina riƙe da keken kada ya ƙwace. Ba ta waiwayo ba, ba kuma cikin fushi ta faɗa ba. Na yi kamar ƙarar iska ta hana ni ji, har muka iso gida, har yau.

"Gaba, ranar nan da 'yarka ke jin sanyi, da na ce maka sai gobe, da wane suna za ka kira ni?"