Ranar da Na Bi Tumakin Turawa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Sai dai ina roƙon mai karatu ya sani cewa da ilimi na yi wautar, ilimin kuma na gaske ne, ƙasar ce ba ta dace da shi ba.

A shekarun nan da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin aljihunta, ni da Hajiya muna zaune a Withington wajen 'yarmu, likita ce. Kansil ta rufe ɗakin taron da mu tsofaffi muke haɗuwa a Hulme, inda ake samun shayi da ɗumi, wai ba za ta iya riƙe shi ba. Abin da ya rage mini na 'yanci shi ne katin bas na tsofaffi. Da hantsi in hau bas in sauka Rusholme, in zauna shagon shayi da sauran marasa aikin yi irina, mu gyara Najeriya tsaf, in koma gida bayan la'asar. To akwai ranar da gyangyaɗi ya kwashe ni, bas ya wuce da ni wata unguwa da har yau ban san sunanta ba. Tun daga nan 'yata ta fara zancen karɓe katin. Ta ce in aka sake, shi ke nan, sai dai in fita da rakiya. Ni da na kora shanu da ƙafa daga Mai'aduwa zuwa kudu, wai rakiya.

Ana cikin haka taubashina ya zo daga Birmingham. Akanta ne da ya yi ritaya, Akawu nake kiransa, ya yi boko har ya gaji, ni kuwa firamare ma ban ƙarasa ba, kuma bai taɓa barina na manta ba. 'Yata ta ce tunda ta samu hutu za ta kai mu duwatsun bayan gari mu ga ganye ya fara sauya launi.

Na ce, "Ganyen me? Na ci ne?"

Ta ce, "Na kallo ne, Baba. Yana komawa ja da ruwan ɗorawa, it's beautiful."

Na ce a garinmu in ganye ya yi ja tun bai kai ba, mutum tagumi yake yi, don amfanin gona ya kamu da ciwo. Amma na shirya. Na ga dama ce ta samu da zan nuna wa yarinyar nan cewa ubanta da daji tare suka girma.

Muka isa, muka kama 'yar hanyar da aka shimfiɗa wa tsakuwa. Ganye kuwa kore shar, ko ɗaya bai sauya ba. Mun yi sammakon zuwa, sanyi bai kankama ba. Ga iska, ga yayyafi, ga Turawa suna wuce mu da sanduna bibbiyu kamar masu jinyar ƙafa, kowa sai ya yi maka murmushi. Hajiya ta samu benci ta zauna da fulas ɗinta, ta ce nan ita ta tsaya. Sai waya ta kira 'yata daga asibiti, don lokacin ma'aikata sun yi ƙaranci, hutu ma ba hutu ba ne. Ta koma wajen mota inda waya ke kamawa, tana cewa, "Baba, don Allah stay on the path."

Tana juya baya na hango can saman dutse wani fili ja wur. Na zunguri taubashina.

"Akawu, ga abin da aka zo nema can. Tashi mu je mu karyo mata reshe."

Ya ce, "Kai jahili, ba ka ga allo ba? An ce kada a bar hanya."

Na ce, "Allo na masu karatu ne. Ka zauna wajen mata in kana tsoro."

Wannan maganar ce ta taso shi. Muka tsallake wata katangar duwatsu muka fara hawa, ni da babbar riga a ƙarƙashin kwat, shi da takalmin ofis. Ƙasar wurin munafuka ce. Inda ka ga ciyawa ta fi kyau, nan ne ruwa yake kwance a ƙasa. Na taka wani wuri lumui kamar darduma, ƙafata ta shige har gwiwa, na zaro ta babu takalmi. Sai da akawu ya naɗe hannun riga ya laluɓo mini shi, yana zagina da Turanci.

Da muka kai jan filin, ba itace ko ɗaya. Wata busasshiyar ciyawa ce mai kama da gashin kaza, ta mutu a tsaye. Akawu ya zauna kan dutse yana dariya har da tari.

"Karyo mata reshen mana, sarkin daji!"

Kafin in ba shi amsa hazo ya sauko ya rufe mu ruf. Ba hanya, ba katanga, ba gabas. Wayarsa ba ta kamawa, tawa kuwa tana cikin jakar Hajiya. Dariya ta ƙare. Ni dai ba mutuwa nake tunani ba, katina nake tunani.

Sai na ji kukan tunkiya. Wallahi ji na yi kamar an kira sunana. Na ce, "Kwantar da hankalinka. Rana ta karkata, dabba kuwa in yamma ta yi gida take nufa. Mu bi su, za su kai mu ƙofar mai su." Duk wanda ya taɓa kiwo a ƙasar Hausa ya san wannan, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Muka bi su. Su yi gaba mu yi gaba, su tsaya cin ciyawa mu tsaya muna jiransu kamar fadawa. Na yi musu irin kiran da muke yi, suka dube ni suka ci gaba da abin da ke gabansu. Sai hawa suke ƙara yi. Akawu yana haki ya ce, "Wai gidan nasu a sama yake?" Ashe tumakin ƙasar nan ba su da makiyayi, ba su da turke, ba mai jiransu da dusa. Inda dare ya same su nan ne gida. Ban sani ba, kuma duk karatun akawu shi ma bai sani ba, wannan ina so a rubuta.

Wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare ce ta ji muna musu, ta sauko da mu ta wata hanya da ashe tana kusa da mu ƙwarai. Muka tarar da 'yata idanu jawur, har ta kira masu ceto suna shirin hawowa, sai haƙuri take ba su.

Muka shiga mota muka hau babban titi. Sannan 'yata ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba.

"Baba, katin."

Na ce a tsaya a yi adalci. Na ce dabarata daidai take, a tambayi kowane Bafulatani. Laifin na tumakin ne, dabbobin da ba su da tarbiyya, ba su san gida ba, ba su san magariba ba, suna yawo a dutse kamar marasa iyaye.

Hajiya ta rufe fulas ɗinta a hankali ta ce, "Alhaji, ba ta katin. Su tumakin ai ba wanda aka fita nema."