Ƙararrawa a Ajin Natsuwa

Ƙanena ya dawo gida ne a kan ɗaurin talala. Sharaɗin kotu shi ne ya zauna a wurina a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma duk Asabar ya halarci wani horo na natsuwa a Tarauni. In ya yi fashi, ko ya tafi kafin a tashi, jami'in da ke sa ido a kansa zai sanar da kotu, a mayar da shi gidan yari. Haka aka gaya mana, haka na maimaita wa Inna, kamar mai karanta sanarwa.

Ban ji murna ba, ban ji baƙin ciki ba. Na share masa shagon ƙofar gida na sa katifa. Abin da na lura da shi kawai, ba ya shiga ɗaki sai an ce masa shiga. Ko ƙofa a buɗe take, sai ya tsaya a bakinta, hannuwa a baya.

Asabar ta farko na raka shi, don an ce dangi na iya zuwa. A ajin wata makarantar firamare ake yi, an ture bencina gefe an shimfiɗa tabarmi. Mai koyarwar nas ce daga asibitin koyarwa, dattijuwa mai magana a hankali. Ta haɗa waɗanda aka sako da wasu gandirobobi cikin kayan gida, ta ce su ma hawan jini da rashin barci na cin su. Cikinsu akwai wani ƙaƙƙarfa mai furfura da kowa ke kira Oga.

“Yaya,” ƙanena ya raɗa mini, “shi ne mai buɗe mu da safe.”

Malama nas ta ce kowa ya zauna yadda ya ji daɗi, ya rufe ido, ya lura da numfashinsa, shigarsa da fitarsa. In tunani ya ja mutum, ya dawo ga numfashin.

Ba wanda ya rufe ido.

“Malama, a gaban Oga?” in ji wani siriri mai wushirya. “Kin taɓa ganin kaza ta yi gyangyaɗi gaban shaho?”

“Ni ma ba na rufe nawa a gabanka,” Oga ya ce. “Takalmana na waje.”

Aka yi dariya. Malama ta ce to, kowa ya dubi tabarmar gabansa.

Aka yi shiru. Ana jin adaidaita sahu a titi, da ɗan garuwa yana tura kurarsa. Na ga kafaɗun ƙanena sun ɗan sauka.

Don sanar da ƙarshen shirun, Malama ta aro ƙararrawar makarantar. A hankali ta kaɗa ta.

Kafin sautin ya mutu, duk waɗanda aka sako sun zabura sun tsugunna sahu-sahu, hannuwa a ka. Oga kuma ya miƙe, yatsansa na bin kawunansu, yana ƙirgawa a fili. Haka ake yi musu a gidan yari in an buga ƙarfen ƙirga. Sai da yatsan ya iso kan ƙanena sannan Oga ya ji muryar kansa, ya tsaya.

Ƙanena ya tashi ya fita. Jami'in da ke sa ido a kansa na zaune bakin ƙofa. Ya dubi agogonsa, ya dube ni.

Na same shi gindin darbejiya a tsakar makarantar.

“Yaya, gara a mayar da ni. A can dai na san lokacin da za a ƙirga ni.”

Na sake karanto masa sharaɗin kotu, daki-daki. Shi kaɗai ne abin da ya zo mini baki. Bai ɗago ba.

Sai ga Oga. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ba tabarma.

“A masallaci ma haka nake,” ya ce. “Liman na sallamewa sai in tsinci kaina ina ƙirga sahu. 'Ya'yana, in suna cin abinci, ƙirga su nake. Uwarsu ta ce in suka gudu za ta sanar da ni.”

Ƙanena ya yi wani sauti mai kama da dariya. “To, Oga, mun cika?”

“Saura ɗaya.”

“Ka ce in shiga, in shiga.”

“Ba ni da kaki ran Asabar,” Oga ya ce. Ya kakkaɓe rigarsa ya koma aji.

Ƙanena ya bi shi har bakin ƙofa, ya tsaya, hannuwa a baya. Ƙararrawar na waje kan taga, Malama ta fitar da ita. Jami'in ya ce mini a hankali, in aka tashi yana nan waje, dole ya kai rahoto. Na buɗe baki zan ce shiga, Malama ta girgiza mini kai daga ciki. Na fasa.

Ya daɗe a tsaye. Ina kallon ƙeyarsa, gumi na gangarowa cikin wuyan riga. Can sai ya cire takalmansa, ya ajiye su kusa da na Oga, ya shiga. Jami'in ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon.

Da muka dawo Gyaɗi-Gyaɗi, Inna na jira a zaure. Na ce mata da shi aka tashi. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma ciki. Na saurari zuciyata ko zan ji wani abu, ban ji ba.

A bakin shagonsa ya sake tsayawa, hannuwa a baya. Na tura masa ƙofar, na wuce cikin gida ban ce masa shiga ba.