Chundung da Karen Nabil

Chundung Dokas ta fara zuwa gidana wata Talata a watan Afrilu. Ta makara da minti ashirin da biyar, kuma ba ni ta fara gaisarwa ba. Ta tsuguna a bakin ƙofa, ta juya wa karen gefen jikinta, ta yi shiru har ya gaji da haushi ya zo ya shinshina takalminta. Sai a lokacin ta ɗago ta ce da ni, da irin Hausar mutanen Jos, "Sannu Mama, yaya ƙarin haƙuri?"

Karen ba nawa ba ne. Na ɗana Nabil ne, wanda ciwon sikila ya ɗauke a watan Fabrairu yana da shekara ashirin da bakwai. Shekara biyu kafin nan ya ɗauko shi daga gidan karnukan da aka yasar, ya sa masa suna Ƙosai saboda launinsa, muka yi ta sa-in-sa a kan haka har na rage zuwa gidansa. Ranar jana'iza wani abokinsa ya kawo mini karen da igiyarsa da kwanonsa, ya ce babu inda zai kai shi.

Bayan wata biyu masu ginin da nake zaune a Deptford suka aiko mini da takarda. Maƙwabta sun kai ƙarar haushi, an ba ni mako shida, ko a ga gyara ko karen ya bar ginin. Na kira gidan karnukan. Matar da ta ɗauki waya ta ce za su karɓe shi, amma sau biyu ana mayar musu da shi kafin Nabil, kuma tunda yanzu ya yaga wa baƙo riga, da wuya ya sake samun gida. Na tambaye ta me ake yi wa irinsa. Ta ce allurar kashewa ake yi musu. Sannan ta ba ni lambar Chundung.

Abin da na sani game da rayuwarta a tsintsince na same shi, domin ba ta ƙarasa labari idan kare ya motsa. A Vom, kusa da Jos, aka haife ta. Mahaifinta yana share ɗakunan dabbobi a wurin likitocin dabbobi, ita kuma tana bin sa da bokiti tun kafin ta shiga makaranta. Ta zo London a 2008 ta kama aikin kula da tsofaffi. Wata tsohuwa da take yi wa hidima a Lewisham ta rasu ta bar kare, 'ya'yanta suka kai shi gidan karnuka. Bayan kwana goma Chundung ta je ganinsa, aka ce ya ciji wani ma'aikaci, an riga an kashe shi. Ta ce karen nan ba mugu ba ne, ƙafarsa ta baya ce ke ciwo, kuma babu wanda ya tambaye ta. Daga nan ta fara zuwa duk Asabar tana zagayawa da karnuka, ta yi karatu na shekara uku ta sami takardar horar da su. Yanzu da safe tana koya wa karnukan masu hali na Greenwich tafiya da igiya, da yamma ta koma kan waɗanda kowa ya ƙi. A cocinsu ana yi mata tsiya, wai sa'o'inta sun zama nas-nas ita tana kwasar kashin kare a leda. Takan ce musu kare bai taɓa kai ƙararta wurin manaja ba.

Ban ce tana da daɗin sha'ani ba. Ba ta ɗaukar waya. Aljihunta cike yake da busasshiyar hanta, ƙarnin yana rigan ta shigowa. Ta zauna mini a kujera da wando duk gashin kare. Na yi shekara ashirin da shida ina koyar da ƙididdiga a jami'a a Bloomsbury, amma matar nan takan gyara mini tsayuwa da riƙon igiya kamar 'yar aji ɗaya.

A zuwanta na biyu ta ce in ba ta labarin kwanakin zaman makoki, kada in tsallake komai. Na gaya mata mutane sun yi ta zuwa kwana bakwai, sun haura ɗari biyu. Na kulle karen a kicin. Duk lokacin da aka danna ƙararrawa sai ya kama haushi, ni kuma kunya ta hana ni sakat, ga malamai da dattawa a falo suna addu'a, ga kare a gidana. Sai in buɗe ƙofar kicin kaɗan in jefa masa tsoka daga abincin da aka kawo mana, ya yi shiru.

Ta tambaye ni sau nawa. Na ce duk dannawa.

Chundung ta yi dariya har da share hawaye, a gidan da aka yi rashi bai cika wata uku ba. Ta ce, "Mama, ni da nake cin abinci da sana'ar nan ban taɓa koya wa kare abu da kyau haka ba. Ƙararrawa, haushi, nama, kwana bakwai. Ai ke ya kamata a ba takardar horar da karnuka."

Ban yi dariya ba. Na dai ga lissafinta daidai ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Gyaran, in ji ta, shi ne a maimaita zaman makokin a juye. A samu baƙo ya riƙa danna ƙararrawa, kare kuma ba zai ga hanta ba sai ya je kan shimfiɗarsa ya kwanta shiru. Kuma dole baƙon ya sa babbar riga, domin a kanta karen ya fi zabura. Mutum ɗaya na iya roƙa, ƙanin maigidana marigayi, Alhaji Abdul-Mumuni, likitan haƙori a Peckham, wanda kuma shi ne mai rigar da aka yaga. Ya zo ranar Lahadi don zumunci kawai. Ya danna, ya shigo, ya yi sallama, ya fita, sau talatin da biyu. A na ashirin ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula ya ce, "Yaya, da girmana da furfurata yau kare nake yi wa sallama." Chundung ta ce masa ya rage surutu, yana ɓata darasi. Ya dube ni, ya fita, ya sake dannawa.

Rigimarmu ta gaba a kan hannu ce. Ta ce a tafin hannu ake ba shi, nan take, kafin ya manta abin da ya yi. Na ce bakin kare ba zai taɓa hannuna ba. Na san abin da malamai suka faɗa da inda suka saɓa, amma ƙyamar da na tashi da ita ba ta jin hujja. Na ɗauko dogon ludayin miya. Ta ce kafin ludayi ya isa, Ƙosai ya yi abu uku daban, bai san wanne ake biyansa ba. Na ce ya koya. Muka ci gaba da ludayi, tana girgiza kai.

Mako na huɗu ya zo, abin yana tafiya idan tana nan, idan ta tafi ya koma yadda yake. Na rubuta komai a takarda, rana da lokaci da tsawon haushin, na miƙa mata. Ko dubawa ba ta yi ba. Ta sa Alhaji ya fita ya danna, ta juya wa karen baya, ni take kallo.

Ta ce, "Ke kike fara zabura, Mama. Kafin ya ɗaga kai kin miƙe kin kai tsakiyar falo. Shi ke yake kallo. Wa kike jira?"

Nabil yana da makullin gidan, amma bai taɓa amfani da shi ba. Yakan danna sau biyu a gajarce, ya jira in buɗe. Ban gaya mata wannan ba. Na ce da ita kare aka kira ta ta horar. Ta ce haka ne, kuma ba ta ba ni haƙuri ba. Aikin da ta bar mini shi ne, idan aka danna in zauna inda nake, kada in dubi ƙofa, in ƙirga goma a zuciya. Na yi kwana goma sha biyu ina yin haka, da mai kawo wasiƙa, da Alhaji, da maƙwabciyar da ta kai ƙarar. Ban taɓa yin aikin gida mai wuyar wannan ba.

Jami'ar ginin ta ce za ta zo duba karen ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya. Chundung ta yi alkawarin zuwa goma da rabi. Sha ɗaya ta yi ba ta zo ba, wayarta tana ta ƙara babu amsa. Aka danna ƙararrawa. Na zauna, na ƙirga. Ƙosai ya yi haushi sau ɗaya, ya dube ni, ya je shimfiɗarsa ya kwanta. Ludayin yana kicin, ba zan kai gare shi a kan lokaci ba. Na ɗauki hantar na miƙa masa a tafin hannu, sannan na buɗe ƙofa da hannun hagu. Jami'ar ta zauna minti goma sha biyar, ta fita ta sake dannawa sau biyu don ta tabbatar, ta ce za ta rufe maganar idan ba a sake kai ƙara ba. Da ta tafi na wanke hannuna sau bakwai.

Chundung ta iso sha biyu saura kwata, da wani baƙin kare yana kuka a bayan motarta, wanda ta je karɓowa daga Croydon kafin a yanke masa hukunci. Na gaya mata yadda aka yi. Ta ce madalla, amma haushi ɗayan nan ma bai kamata ba, in ci gaba da ƙirga goma. Ta gaisa da Ƙosai sosai. A bakin ƙofa ta juyo ta tambaye ni ko Alhaji yana da lokaci ranar Lahadi, domin wannan sabon yana tsoron maza masu hula.

Na ce ta kira shi da kanta. Ta ce ba ta da lambarsa. Na ba ta.