Kukan da Malam Gide Ya Kai wa 'Yan Majalisa

Babanmu, Malam Gide na 'Yargoje, allurar shanu ya yi wa gwamnati tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka gaza. Babu rugar da bai taka ba daga Ƙanƙara zuwa Faskari har dazukan Sabuwa, kuma duk yawon nan tare suka yi shi da Malam Almu, ɗaya ya riƙe ƙaho ɗaya ya soka allura. Da suka yi ritaya Malam Almu ya koma garinsu Sabuwa, Baba ya dawo gida. Ba abin da ya rage yana haɗa su sai biyan fansho a baitulmalin Funtuwa ƙarshen kowane wata.

Ni ce mai wanke masa farar rigarsa in kai bugu. Tun ranar ba ta zo ba yake fara tsirfa, hular nan ba ta zauna ba, takalmin nan bai gogu ba, sai ka ce ango. Yakan tafi da ƙullin daddawa, ya dawo da mazarƙwailar Sabuwa da labarin da muka ji har muka haddace, na bijimin da ya jefa Malam Almu cikin kududdufi a Daudawa. Mai biya ba ya buɗe taga sai la'asar, amma tun hantsi suke zaune gindin ɗorawa suna tsokanar juna. Duk watan Baba ba ya dariya irin ta ranar nan.

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, kowa na sayen rediyo da babur, majalisar jiha a Kaduna ta turo kwamiti ya ga halin da 'yan fansho ke ciki. Suka sauka Funtuwa ranar biya cikin manyan riguna, shugabansu ya ce dattawa su faɗi damuwarsu. To Baba ba ya ganin taro ya yi shiru. Kuma a wajenmu in babban mutum ya tambaye ka matsalarka, ka ce ba ka da ita, kamar ka raina zuwansa ne.

Ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, tun da sassafe nike fitowa in hau akori-kura, ni da awaki da buhuna. Kafin in iso nan bayana ya ƙage. Ku duba mamu."

Malam Almu na gefensa yana gyaɗa kai. Baba ya dawo gida yana fankama, wai ya sa 'yan majalisa sun yi tsit. Ya kuma ce mana, "Ai ba abin da za su yi."

Sai ga shi sun yi. Ni dai ban taɓa ganin hukuma ta ji kukan talaka da sauri haka ba, kuma har yau ina jin haushin wannan saurin. Aka ce daga yanzu kowa a ƙofar hakiminsa za a biya shi, Baba a Ƙanƙara, Malam Almu a Sabuwa. Mutane suka yi ta zuwa yi wa Baba godiya, yana amsawa da ƙyar.

Bai sake cewa a wanke rigar ba. In motar Funtuwa ta wuce sai ya bi ta da ido har ta sha kwana. Kewa ta cinye shi, kowa ya gani.

Na ce, "Baba, ka je ka gano shi mana."

Ya ce, "Haba Suwaibatu. Dattijo kamata ya tashi har Sabuwa, ba suna, ba ɗaurin aure, ba ta'aziyya? In iyalinshi suka ce mi ya kawo ni, in ce mi?"

Na yi faɗa har na gaji. Sai ya ce bari a gama shuka, bari a gama noma, bari ruwa ya ɗauke.

Bayan an yi girbi, wani ƙarshen wata, ya sa rigar, ya ɗauki daddawa ya hau motar Funtuwa, ko Allah zai sa. Gindin ɗorawa ba kowa sai mai goron da ya san su. Shi ya gaya masa Malam Almu ya sha zuwa, ya zauna har la'asar yana duban hanya, ba biya ba komai. Cikin damina ya daina, daga baya direban motar Sabuwa ya kawo labarin rasuwarsa.

Da yamma Baba ya shigo gida, ya miƙo mani ƙullin daddawar ko kwance shi ba a yi ba. Ya tuɓe rigar, ya daɗe yana riƙe da ita.

Ya ce, "Wanke mani ita, Sabuwa za ni. Yanzu kau in sun tambaye ni abin da ya kawo ni, ina da abin faɗi."

Na karɓa na nufi bakin rijiya ina kuka.